Lambar wuya da ta jiki, da batun haɗin gambiza

Wani mai karatu daga Jos ya ce: Malam, na gaji tsohon sakasofon, abin busan nan na Turawa, a wajen kawuna da ya yi aikin badujala, mai saye ya duba ya ce lambar wuyan ba ɗaya ba ce da ta jikin. Me ake kiran wannan lamba da Hausa, kuma jabu ne ke nan?

To ɗana, da farko ka daina ce mini "siriyal namba" kamar yadda ka rubuta a wasiƙarka, kakanninmu sun riga sun lanƙwasa kalmar Turancin nan ta koma lamba tun zamanin Turawa, har muka samu lambar yabo da lambar mota, ban ga dalilin da za mu koma muna namba namba ba. Ni lambar jeri nake cewa, don a jere kamfani ke buga ta, da ita ma ake gane shekarar ƙira. Misali kamfanin Selmer na Faransa ya fara fitar da samfurin sakasofon ɗinsa mai suna Mark VI a 1954, lambobinsa na farko wajen 55,000 ne, shi ya sa masu harkar ke rububin mai lamba biyar, wato wanda bai kai 100,000 ba. Ana buga ta a bayan jikin, ƙasa da inda babban yatsa ke tokarewa. Wasu kamfanonin Amurka irin su King da Martin sukan sake buga ta a wuya, shi wuyan kuwa cire shi ake yi a sa a akwati, to ka ga ɓata ko musanya ba wuya. Amma ba kowane kamfani ke sa lamba a wuya ba fa.

Jabu kuwa a'a. Jabu shi ne abin da aka ƙera don a yaudare ka. Naka haɗin gambiza ne, kowane ɓangare na gaske ne amma ba tare suka fito daga masana'anta ba, kamar motar da aka canza wa inji, dillalan mota sun san zancen. Zai iya busuwa lafiya lau, farashi ne kawai zai sauka, don mai tara kayan tarihi cewa zai yi kama da wane ba ta wane.

Wata daga Maraɗi ta ce ko za a iya kiran sakasofon kakakin Turawa? Haba! Wannan na damuna wallahi, komai aka busa sai a ce kakaki. Kakaki leɓe ke ba shi sauti, na sarauta ne. In dole sai an kwatanta to algaita ta fi kusa tunda dukkansu da ɗan kara a baki, sai dai na algaita biyu ne a haɗe, na sakasofon ɗaya. Sunan ma na mutum ne, Adolphe Sax ɗan Beljiyam da ya yi masa rajista a Faransa a 1846, a bar wa mutum sunansa mana.

Daga Kumasi: karin maganar nan "da tsohuwar zuma ake magani" ta shafi irin wannan kaya? Ta shafa, in bai fashe ba.

Daga Zariya: gwanjo da na hannu ɗaya ne? Asalin gwanjo cinikin wa-ya-fi-tayi ne, 'yan kasuwa ne suka mai da shi tsohon kaya.