Me ke tayar da naƙuda?

'Yar'uwa, kin tambaya me ke sa naƙuda ta tashi idan ciki ya isa haihuwa. Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin jariri, mabiyiya da jikin uwa.

Duk tsawon goyon ciki, sinadarin furojestaron ne ke kwantar da mahaifa don kada ta matsa. Daga mako na 37 zuwa 42 ƙarfinsa a kan naman mahaifa yana raguwa, sinadarin istirojin, mai shirya mahaifa don matsawa, ya karɓi ragama. Mabiyiya kuma tana ƙara fitar da wani sinadari mai sa jikin jariri ya samar da kotisol, wanda ke taimaka wa huhunsa ya nuna. Wato jaririn ma da hannunsa a ciki.

Daga nan wani sinadari mai suna furostagilandin ya tausasa bakin mahaifa. Kan jariri na danna wurin, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, ta sako sinadarin oksitosin, mahaifa ta matsa, kan ya ƙara dannawa. Haka abin ke ta ƙaruwa har a sauka.

Oksitosin ɗin nan shi ne allurar naƙuda ta asibiti. Don Allah kar ki yarda a yi miki ita a gida ko a kemis. Idan ta yi yawa tana iya fasa mahaifa.