Me ya sa jam'in "kitabu" ya zama "vitabu"?

Tambaya: Malam, ina karatu a Kisumu ta ƙasar Kenya, abokin zamana Bamaragole ne. Ya ce a harshensu littafi "kitabu" ne, littattafai "vitabu". Ba "kitab" na Larabci ba ne wannan? Ina "vi" ta fito? Ya kuma ce haɗa ƙamusun harshen nasu a kwamfuta aiki ne ja. Me zai hana, alhali na'ura ce za ta jera?

Amsa: Shi ne kuwa, ɗalibi. Mu mun aro kalmar da "al" ɗinta, alkitab ya koma littafi. Can gabas ta hanyar Suwahili ta bi, kuma masu harsunan Bantu da suka ji "ki" a farkonta sai suka ɗauka ɗafa-goshi ne irin nasu, wato ƙarin da ake liƙawa a gaban kalma, suka yi mata jam'i yadda suka saba.

Harshen abokin naka, wato na Maragoli, masu shi Lulogooli suke kiransa, ɗaya daga harsunan Luhya, cibiyarsa gundumar Vihiga. Dubi sunan ma: mutum ɗaya Mulogooli, jama'ar Avalogooli, harshen Lulogooli. Saiwa ɗaya ce, goshin ke sauyawa. Haka "mundu" mutum, "vandu" mutane, "kindu" abu, "vindu" abubuwa. Mu jam'inmu galibi a ƙeya yake, kujera kujeru, shi ya sa tilo da jam'i kan zauna kusa da juna a ƙamusun Hausa na Bargery na 1934. A nasu "kitabu" na ƙarƙashin K, "vitabu" na can wajen V.

Aikatau ya fi rikici. Kowane na ɗauke da "ku" a gaba in an ambace shi tsurarsa: "kudeeka" dafawa, "kulola" gani. In ka jera da harafin farko, aikatau duka sun cunkushe a K. Sannan ga ɗafa-ƙeya: "kudeekela" dafa wa wani, "kudeekwa" a dafa abu, "kulolana" ganin juna. Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, don daga saya muke samun sayo, saye, sayar da sayu. Bambancin, su mai aikin da lokacin aikin da wanda aka yi wa duk a jikin kalmar suke mannewa, abin da mu muke rubutawa a rarrabe kamar "za su dafa mini". Mai koyo ya tsinci irin wannan kalma a jarida, ya je nemanta a ƙamusun da bai san ƙirar kalma ba, allura ce cikin ruwa.

To ka ga jerawa ba ita ce matsalar ba. Sai an koya wa manhajar ta ɓare kalma ta kai ga saiwa, kuma mutum ne zai zauna ya rubuta mata dokokin ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin haɗa ƙamus irin FLEx na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL suna da gurbin wannan, amma ba sa cike gurbin da kansu.

Ga kuma rubutu. 'Yan mishan na ɗarikar Kirista ta Kwaka (Quaker) da suka sauka Kaimosi, can Vihiga, a 1902 su suka fara rubuta harshen sosai, da wasula biyar, alhali bakin masu shi bakwai yake furtawa. Ba a nuna karin sauti, kamar yadda mu ma ba ma bambance fari na launi da fari na rashin ruwa a takarda. Wani ya rubuta "kulola", wani "kurora". A ganina ƙamusun kwamfuta bai kamata ya jira a daidaita ƙa'idar rubutu ba: ya karɓi duka biyun, ya kai mai nema shafi ɗaya, ya sa muryar ɗan harshen kusa da kalmar. Mu ma muna da irin wannan buƙata, don wanda wayarsa ba ta da ƙ yakan rubuta "kasa", ya bar ƙamus da tantance ko ƙasa yake nufi, ko kasa macijiya, ko kasawa.