Tuwon dare da rage ƙiba

'Yar'uwa, kin tambaya ko barin tuwon dare zai rage miki ƙiba, kuma kin ce gwiwarki ta fara sanyi. Baligar mace tana buƙatar kusan kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,000 a rana, mu matan karkarar Jigawa masu surfe da ɗiban ruwa kuwa fiye da haka. Idan kika rage 500 kullum, za ki sauke kimanin rabin kilo a mako. Ni ban ga laifin tuwon ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ɗauke da kusan kalori 120, saboda haka shi da sukarin koko za ki rage, ki yawaita zogale da wake. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, domin awon kullum yana karya gwiwa.