Ga mai son zuwa Ingila karatun tonon kufai

Ƙanena, na ga saƙonka: ka gama digiri a sashen ilimin kufai na ABU Zariya, kana son zuwa Ingila ka yi digirin digirgir a kan ganuwoyi da majami'un Turawa na tsakanin shekarar 500 da 1500, ka zama malamin jami'a.

Kada ka taho sai da cikakken tallafin karatu a hannu. Karatun shekara 3 zuwa 4 ne, kuɗin baƙo kuma ya zarce na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. In ka gama, kwantiragin shekara ɗaya ko biyu za ka riƙa bi gari gari. A 2021 Jami'ar Sheffield ta yanke shawarar rufe sashenta na wannan ilimi, sashen da ya yi suna a duniya. Yawancin abokan sana'armu a nan kamfanoni suke wa tono cikin taɓo da sanyi kafin a shimfiɗa titi ko a gina gidaje, albashin bai taka kara ya karya ba. Na yi wannan aikin kafin in samu kujerata, gwiwoyina shaida ne.

Amma abin da ya fi sosa mini rai shi ne zaɓinka. Me za ka gaya wa wanda ya tashi da Latin a kan majami'ar garinsu? Ni tsingaron tukwanen ƙasarmu ne ya ba ni aiki. A wani taro wani farfesa ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, wai muna da birane kafin zuwan Turawa? Alhali Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa tun wajen ƙarni na 12. Kayan kaburburan Durɓi ta Kusheyi a Katsina sai da aka kai su Mainz ta Jamus kafin a gyara su. Kufan Kanawa da ke yankin Damagaram, wata Baturiya masaniyar kufai, Anne Haour, ce ta tona shi. Allah ya saka mata, amma mu muna ina? Ga Surame, tsohon birnin Kanta na Kabi, ga Gazargamu, tsohon babban birnin Borno, ƙasa na cin su.

Ka gyara Larabcinka, ka koyi Faransanci saboda rubuce-rubucen Nijar, ka iya zana tukunya daga gutsuren bakinta. Sannan ka zaɓi kufai ɗaya, ka rubuto mini shafi biyu kan tambayar da kake son ƙasarsa ta amsa. In na ga da gaske kake, zan haɗa ka da malamin da zai duba aikin digirinka.