Amsa ga ɗan'uwan da ke son canja robar mazaunin inji a gida

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce Corolla ɗinka tana karkarwa in ta tsaya, in ka sa giya kuma ka ji ƙwas daga gaba, kana tambaya ko za ka iya canja robobin da inji ke zaune a kansu da kanka, ba sai ka kai gareji ba. Za ka iya, in ban da guda ɗaya da zan zo kanta. Na daɗe ina wannan aiki a motocina da na ƴan gida a nan Maraɗi, kuma abin da na gani shi ne kwance noti ba shi ne aikin ba. Riƙe injin lokacin da ka zare abin da yake zaune a kai, nan ne mutane ke yin ɓarna.

Kafin ka kashe ko dala, tabbatar robar ce. Buji ɗaya in ya mutu, haka mota za ta yi ta rawa a tsaye. Buɗe gaban motar, ka sa wani ya shiga ya ja birkin hannu, ya taka na ƙafa sosai, ya sa giyar gaba ya ɗan ba ta wuta, sannan ya sa ta baya. Kai ka tsaya a gefe, kada ka kuskura ka tsaya a gabanta. Inji mai lafiya ɗan motsi zai yi ya koma. In ka ga ya ɗaga kafaɗa ya faɗo da ƙara, to roba ta yanke. Sai ka haska tocila ka duba: tsagewa, roba ta rabu da ƙarfenta, ko wani baƙin ruwa ya zubo ya bushe a jikinta, don a wasu motocin ta hannun dama akwai ruwa a cikinta.

Yawancin waɗannan motoci masu ja da ƙafafun gaba robobi huɗu gare su: ta dama, ta hagu wajen akwatin giya, ta gaba da ta baya. Zafin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana busar da su, ramukan hanya su ƙarasa. Amma babban makashinsu baƙin mai ne. In inji yana yoyo a kansu, ka fara toshe yoyon, in ba haka ba sabuwar ma laushi za ta yi ta ruɓe.

Yanzu batun wuri, don da jak za ka riƙe injin daga ƙasa. Tsakar gidajenmu yashi ne, jak kuwa nutsewa yake yi a yashi a hankali, ba ka sani ba sai ka ga ramin noti ya goce. Nemi daɓen siminti, ko ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak ɗin. Sa duwatsu a gaban tayun baya da bayansu. Bulon siminti mai rami a ciki ba abin tokare mota ba ne, farfashewa yake yi ba sallama. Tsakanin kan jak da kaskon mai na ƙasan inji ma sai ka sa guntun katako mai faɗi. Kaskon nan siriri ne. Na ga wanda jak ya lotsa masa shi har ya matse bakin da ke tsotsar mai, fitilar mai ta kama, aikin yini ɗaya ya zama na mako. Ɗagawar kuma kaɗan ce, iyakar ka ga nauyi ya bar robar. In ka zarce, tiyon lagireto da bututun hayaƙi ne za su biya.

Ɗaya bayan ɗaya ake canjawa, kada ka kwance biyu lokaci guda. Tun ana gobe za ka yi aikin, da dare, ka jiƙa notunan da man kwance tsatsa ko ɗan gazuwal. A Toyota sifana lamba 14 da 17 ne za su yi maka yawancin aikin. Ta dama tana sarari, ita ce mai sauƙi. Ta hagu sai ka cire batir da mazauninsa, wani lokaci har da akwatin iska. In ka sa sabuwa, kama kowane noti da hannu tukuna ya shiga zarensa lafiya. In rami bai daidaita ba, da jak ake gyarawa, a ɗaga kaɗan ko a sauke kaɗan, ba da guduma ba. Kada ka ɗaure tamau sai ka sauke injin ya zauna da nauyinsa. Wanda ya ɗaure inji yana sama, ya bar robar a murɗe, ba za ta yi ƙarko ba.

Wadda na ce ban ba ka shawara ba ita ce ta baya. Tana can ƙasa a matse kusa da ƙarfen sitiyari, sai an shiga ƙarƙashin mota. Wannan ka kai wa bakanike mai rami, ka biya shi ladan hannu. Ban yarda mutum ya kwanta ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba, ko wane ne shi.

Wajen saye, tafi da tsohuwar a hannu, ka jera su ka duba ramuka da tsayi. Ni na fi son ta asali da aka ciro daga wata mota, in robarta ba ta tsage ba, a kan sabuwa mai araha da ke ƙyalli a leda. Irin waɗannan ko dai robar ta yi tauri har ka ji rawar inji a sitiyari fiye da da, ko ta yanke kafin ka je Ɗan Isa, garin nan na bakin iyaka, ka dawo sau kaɗan. Masu cusa guntun taya a cikin tsohuwa, ko su yi mata walda gaba ɗaya, na san rashin kuɗi ne ke kawo haka, amma girgizar ba ɓacewa take ba, komawa take jikin mota.

Bayan mako guda ka sake bin notunan da sifana. Ka turo hoton ta daman da shekarar motar, in gaya maka ko mai ruwa ce, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne.