Amsa ga mai son haɗa kwamfutar tace bidiyo a Gombe

Malam, ka ce bidiyon biki kake ɗauka a 4K, kana ta wasi-wasi ko ka zuba kuɗi a i9, wato babban furosesan Intel, ko a babban katin hoto (graphics card). To, da wace manhaja kake aiki? In DaVinci Resolve ce, katin ka fi bai wa ƙarfi, don gyaran launi da share dishi-dishin hoton dare duk a wuyansa suke. Kada ƙwaƙwalwar katin ta gaza 12GB. Katin RTX 4070 yana da hakan, 4080 kuwa 16GB.

In kuma Premiere Pro ce, Intel yana da wani amfani da ake yawan mantawa. Quick Sync, wani sashe da ke cikin furosesansa, shi ne ke warware nau'in bidiyo na H.265 mai 10-bit 4:2:2 da sababbin kyamarorin Sony da Canon ke fitarwa, sai ka ga hoto yana tafiya sumul. Furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da F ba shi da wannan, ko da mai shago ya yi maka ragi ka bar masa kayansa.

Ka sa RAM 64GB, da NVMe (ma'ajiyar fayil mai sauri) biyu: ɗaya na Windows, ɗaya na aiki.

Ni dai zafi ya fi damuna. i9 a shagon kwano cikin Afrilu, ba iyakwandishan, da kansa zai rage gudu. Gara i7 da sanyaya mai kyau, da akwati mai raga da za ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu. Kuma kada ka jona kwamfutar a janareto kai tsaye, ka ware kuɗin UPS, wato na'urar riƙe wuta, tun yanzu.