Shiga Sharo Ba Shanu, Ko Ɗa Na Kowa Ne?

Tambaya: Malam, ni direban adaidaita sahu ne. Ran nan a tashar Ƙofar Ruwa na ga wani yana jan wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba, tana tirjiya tana kuka. Na tare shi na tambaye shi ina zai kai ta. Ashe kawunta ne. Abokan aikina suka ce na shiga sharo ba shanu. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. Abokanka sun ɗauko karin magana mai kyau sun ajiye ta inda ba muhallinta ba. Sharo na Fulani ne. Saurayi ya tsaya a fili ya ɗaga hannu, abokin karawarsa ya tsula masa tsumagiya a jiki, shi kuwa ko gezau. Yana shan wannan azaba ne don akwai abin da yake karewa: sunan gidansu, da darajar garkensu, da idon budurwarsa. Wanda ba shi da ko maraƙi ya tuɓe riga ya shiga, ya sha dukan banza. To abin dubawa shi ne, kai kana da shanu a wannan sharon ko ba ka da su?

Kana da su, domin Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa ɗa na kowa ne. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, amma a bakin tsofaffi za ka ji cikonta: bawa sai mai shi. Wannan ciko shi ne mabuɗin maganar. Kalmar ɗa ba haihuwa kaɗai take nufi ba, tana nufin wanda ba a mallake shi ba. Daga tushen nan muka sami 'yanci da 'yantacce, mutanen Sakkwato kuma su ce ɗiyauci. Wato yaro ba kaya ba ne da za a ce mai shi kaɗai ke da ta cewa a kansa. Yana damuna ƙwarai yadda yanzu ba a tuno da karin maganar nan sai an zo zancen tsawatar wa ɗan maƙwabci. In ɗa na kowa ne wajen kwaɓa, ai na kowa ne wajen ceto.

Kanawa ba su manta da shekarar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai akasarinsu Onitsha a Jihar Anambra. Ba a raba yaro da unguwarsu sai an bi da shi ta lungu da bakin titi, inda mai shayi yake, inda mai faci yake, inda irinku masu adaidaita kuke jiran fasinja. Tambaya ɗaya a irin wannan wuri tana iya warware mugun shiri. Da ya zamana kawunta ne, ba ka yi asarar komai ba, kuma kawu na gari godiya ya kamata ya yi maka.

Akwai wata dattijuwa mai ƙosai a unguwarmu, wajen Jakara, da na ga dabararta da idona. In ta ga baƙuwar fuska riƙe da yaro yana kuka, ba ta ce wa babban uffan. Sai ta tsamo ƙosai ɗaya daga mataci, ta hura shi, ta durƙusa daidai tsawon yaron ta miƙa masa, ta ce, "Yi shiru ɗan albarka. Wane ne wannan? Ina za ku?" Kafin yaron ya buɗe baki, ta riga ta karanta fuskar wanda ke riƙe da shi.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin cigiya da yekuwa?

Amsa: Cigiya neman abin da ya ɓata ne, yekuwa kuwa shela ce ga jama'a su ji ko su taru. Uwar da ɗanta ya ɓata cigiya take yi. In an tsinci yaro a kai shi gidan mai unguwa, a sanar a masallaci.

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Gwale. Wata maƙwabciyarmu ta kutsa ɗakin da ya kama da wuta ta fito da yara biyu. Ya dace a ce mace ta yi namijin ƙoƙari?

Amsa: Ya dace, Malama. Namiji a nan siffar ƙoƙarin ce, ba ta mai yin sa ba. Amma sunan da ya fi cancantar ta shi ne jaruma, sai dai an kusa ƙwace mana kalmar. Yau in ka ce jarumi ko jaruma a Kano, tunanin yaro yana tafiya ne kan ɗan fim. Ba na raina sana'ar kowa, amma ɗan wasa sunansa ɗan wasa. Jarumi shi ne wanda ya ga abin tsoro, gabansa ya faɗi kamar na kowa, bai juya baya ba. In muka raba wa masu fitowa a allo kalmar kaf, da me za mu kira matar da ta shiga hayaƙi saboda 'ya'yan da ba ita ta haifa ba? Ina roƙon 'yan jarida da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo su dawo mana da kalmar wurinta. Ki isar mini da gaisuwa ga wannan baiwar Allah.

Tambaya: Ƙarfin hali da ganganci ɗaya ne? Wani ya faɗa kududdufi ceton yaro alhali bai iya ruwa ba.

Amsa: Ba ɗaya ba ne. Ƙarfin hali da hankali yake tafe, ganganci kuwa ya bar hankalin a baya. Ba na zargin niyyar bawan Allahn nan, amma wanda bai iya ruwa ba ya miƙa gora ko igiya, ya jefa jarka da murfinta a rufe, ya yi kururuwa, a kira 'yan kwana-kwana, don su ne masu tsamo mutane daga kududdufai da rijiyoyi a garin nan. Tsohuwar rijiya ta fi haɗari, iskar cikinta kan shaƙe mai shiga kafin ya kai ga yaron.

Haka nan wanda ya ƙwala ihun "ɓarawon yara!" kafin ya tabbatar, jama'a suka rufe mutum da duka, shi ma ganganci ya yi, kuma mummuna. A riƙe wanda ake zargi, a raba shi da yaron, a miƙa shi ga 'yan sanda ko Hisba. Jihar Kano tana da dokar kare yara tun 2023.

Tambaya: Malam, me ake nufi da tsoro na daji, kunya na gida?

Amsa: A daji abin da ke hana mutum motsi shi ne tsoron abin da zai cutar da shi, a cikin mutane kuwa kunya ce. Ka lura da taron da ya zuba ido ana jibgar almajiri ko 'yar talla a bakin kasuwa. Yawancinsu ba tsoron mai dukan suke ji ba. Kowa yana gudun a ce masa ina ruwanka a gaban jama'a. Da mutum ɗaya zai daure ya ce "Haba Malam, ya isa haka," sai ka ji baki goma sun amsa masa, har wani ya janye yaron ya ɓoye shi a bayansa.